Kartar Tarot da Tambayar "I ko A'a": Yadda Abin Wasa Ya Koma Abin Duba

Gabatarwa

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wata irin karta mai suna tarot, wadda mafi yawan waɗanda suka san sunanta suka ɗauke ta abin duba ce kawai. Ana furta sunan "taro", amma babu abin da ya haɗa shi da taron jama'a, balle taro na kuɗi, rabin sisi. Daga cikin hanyoyin da ake duba da ita, wadda ta fi sauƙi ita ce mutum ya ƙudurta tambaya guda a ransa, irin wadda amsarta ba ta wuce "i" ko "a'a", kamar a yi wannan aure ko a fasa, a karɓi wannan aiki ko a bar shi, sa'an nan ya cakuɗa kartar ya zaro kati ɗaya, ya ɗauki abin da ya fito a matsayin hukunci. Masu wannan sana'a sun daɗe suna cewa iliminsu gado ne daga malaman Masar na zamanin Fir'auna. Manufar wannan maƙala ita ce a bi sawun kartar tun daga farkonta, domin a ga lokacin da aka fara yi mata tambaya, da waɗanda suka ɗora mata wannan aiki, da kuma dabarun da suka sa har ya yiwu kati 78 masu hotuna iri-iri su riƙa ba da amsa mai kalma ɗaya.

Asalin kartar

Karta ta shiga Turai ne wajen shekarun 1370, kuma alamu masu ƙarfi sun nuna daga ƙasashen Musulmi ta fito, musamman Masar ta zamanin Mamluka. A gidan tarihi na Topkapi da ke Istambul akwai wata tsohuwar kartar Mamluka wadda masanin nan L. A. Mayer ya bayyana wa duniya a 1939. Gida huɗu gare ta, watau kofuna da tsabar kuɗi da takuba da sandunan wasan ƙwallon dawaki, kuma manyan katunan kowane gida su ne malik da na'ib da na'ibi na biyu. Ana kyautata zaton daga wannan kalma ta na'ib ne mutanen Italiya suka sami sunan "naibi" da suka fara kiran karta da shi. A 1377 hukumar birnin Florence ta kafa dokar hana wannan sabon wasa, abin da ke nuna ya riga ya bazu har ya dami mahukunta. Ke nan akwai ƙamshin gaskiya a zancen Masar, sai dai Masar ta sarakunan Alƙahira ce, ba ta Fir'auna ba, kuma tsakaninsu akwai ƙarnoni masu yawa.

Ita tarot kanta a arewacin Italiya aka ƙirƙire ta, cikin rabin farko na ƙarni na 15. Ambatonta mafi daɗewa da aka samu yana cikin littafin ajiyar labarai na wani mutumin yankin Florence a 1440, sai kuma littafin kashe kuɗi na fadar Ferrara a 1442. Abin da aka yi shi ne, an ɗauki gidaje huɗun nan, kati 14 a kowane gida, jimla 56, aka ƙara musu wasu katuna 21 masu hotuna, da guda ɗaya da ake kira Wawa. Hotunan kuwa ba wani baƙon abu ba ne ga mutumin Italiya na wancan zamani: Fafaroma, da Babban Sarki, da Soyayya, da Adalci, da Mutuwa, da Shaiɗan, da Tauraruwa, da Wata, da Rana, da Tashin Ƙiyama. Irinsu ne yake gani a bangon majami'u da kuma jerin gwanon bukukuwa. Sunan kartar na farko shi ne trionfi, watau "nasarori", domin aikin katunan nan 21 a wasa shi ne su rinjayi kowane kati na gidaje huɗun, babba kuma a cikinsu ya rinjayi ƙarami. Sunan tarocchi, wanda ya koma tarot a bakin Faransawa, bai bayyana a rubuce ba sai wajen 1505. Mafi shahara daga cikin tsofaffin da suka rage su ne waɗanda aka zana da hannu, aka yi musu ado da zinariya, domin gidajen sarautar Visconti da Sforza na Milan.

Har tsawon shekara ɗari uku wasa kawai ake yi da ita. Akwai wata huɗuba ta wani limamin Kirista ɗan Italiya daga ƙarshen ƙarni na 15 wadda ta jera katunan nan 22 ɗaya bayan ɗaya tana la'antarsu, amma laifin da ya ɗora musu na caca ne. Da ana duba da su a lokacin, da wuya mai wa'azin da ke neman abin zargi ya tsallake wannan babban laifi ya tsaya a kan ƙarami. Wasan kuma bai mutu ba. Ana yinsa a Faransa, inda aka kafa masa ƙungiya ta ƙasa a 1973, da Ostiriya, da birnin Bologna inda suke wasa da kati 62.

Wannan ba ya nufin mutanen wancan zamani ba su taɓa jefa ƙuri'a da karta ba. A 1540 wani mai ɗab'i a Venice, Francesco Marcolini, ya buga littafi mai tambayoyi 50 a kan aure da fatauci da makamantansu. Mai tambaya yakan zaro kati, katin ya kai shi wani shafi, daga ƙarshe ya tarar da amsarsa cikin 'yan baitoci. To amma da kartar yau da kullum ake yin wannan, kuma katin ba shi da wata ma'ana tasa. Aikinsa bai wuce na 'yar ƙuri'a mai nuna shafi ba. Shaidar farko ta ba katunan tarot ma'anoni domin duba ita ce wata gajeriyar takarda daga Bologna, ta wajen tsakiyar ƙarni na 18, wadda ta jera kati 35 da kalma ɗaya ko biyu a gaban kowanne.

Mutum biyu a Faris

Labarin Masar ta Fir'auna yana da ranar haihuwa da kuma uba. A 1781 wani limamin Furotesta mazaunin Faris, Antoine Court de Gébelin, ya fitar da juzu'i na 8 na wani ƙaton littafinsa mai suna Le Monde primitif. A ciki ya ba da labarin yadda ya tarar ana wasan tarot a gidan wata mata mai daraja, ya dubi hotunan, nan take ya gane wai ragowar littafin hikima ne na malaman Masar, wanda suka ɓoye cikin wasa domin kada ya salwanta. Har fassarar sunan ya kawo, ya ce a harshen Masar na dā "tar" hanya ce, "ro" kuma sarki. A lokacin da ya rubuta haka babu mahalukin da ke iya karanta rubutun Misirawan dā, domin sai a 1822 Champollion ya warware shi, kuma da aka warware ba a sami komai da ya yi kama da tarot ba. Irin ƙarfin halin Court de Gébelin ya kai ga da ya ga katin mutumin da aka rataye ta ƙafa, kai a ƙasa, sai ya yanke hukuncin cewa masu ɗab'i ne suka yi kuskure, ya sa aka zana shi a tsaye. A cikin juzu'in dai akwai wata maƙala ta wani basarake, Comte de Mellet, wadda ta haɗa katuna 22 da haruffan Ibrananci 22, ta kuma bayyana yadda za a yi duba da su.

Mutum na biyu shi ya fi muhimmanci ga tambayar "i ko a'a", ko da yake marubutan baya sun raina shi sabo da ba malami ba ne. Sunansa Jean-Baptiste Alliette (1738–1791), ya fara da sayar da irin shuka, daga baya ya koma sayar da hotunan ɗab'i, kuma ya juya haruffan sunansa ya zama Etteilla. Tun a 1770, shekara 11 kafin littafin Court de Gébelin, ya buga littafin duba da kartar Faransawa ta yau da kullum mai kati 32, ya ƙara guda ɗaya mai wakiltar mai tambaya. A wannan littafi ne aka fara ganin wata ƙa'ida a buge, wadda ta zauna har yau: kowane kati yana da ma'ana biyu, ɗaya idan ya fito a tsaye, ɗaya idan ya fito a juye, kai ƙasa. Da zancen Masar ya sami kasuwa sai Etteilla ya rungume shi, ya ɗora tsarinsa a kan tarot cikin littattafan da ya fitar daga 1783 zuwa 1785, har ya ƙara da cewa wasu malamai 17 ne suka rubuta littafin, shekara 171 bayan ruwan Ɗufana. Wajen 1789 ya fitar da tarot ta farko da aka zana musamman domin duba, da kalmomin ma'ana a rubuce a saman kati da ƙasansa, yadda ko ta wace fuska ya faɗo za a karanta.

Ya kamata a lura da cewa Etteilla bai ce tsaye "i" ba ne, juye kuma "a'a". A wurinsa ma'anar juye sau da yawa wata aba ce dabam, ba kishiyar ta tsaye ba. Amma tun da ya raba kowane kati fuska biyu, ya riga ya buɗe ƙofa, domin duk abin da ke da fuska biyu ana iya mai da shi kwabon jefawa.

Zamanin juyin juya halin Faransa da yaƙe-yaƙen Napoleon lokaci ne da mutum kan kwana attajiri ya tashi a kurkuku, sabo da haka masu duba ba su rasa ciniki ba. Wadda ta fi suna ita ce Marie-Anne Lenormand (1772–1843), wadda ta yi iƙirarin ita ke duba wa Joséphine matar Napoleon, an kuma tsare ta fiye da sau ɗaya. Bayan rasuwarta 'yan kasuwa suka liƙa sunanta a kan wata karta mai kati 36, wadda asalinta wani wasan gida ne da aka buga a Nuremberg ta Jamus wajen 1799. Watau abin da ya sami tarot ya sake samun wata kartar. Hukumomi dai ba su yi na'am da sana'ar ba: dokar laifuffuka ta Faransa ta 1810 ta tanadi tara ga masu duba, haka ma dokar Ingila ta 1824 ta sanya su cikin sahun 'yan gararamba.

Hotunan 1909

A ƙarni na 19 tarot ta faɗa hannun masu neman ilimin asiri. Éliphas Lévi, cikin littafinsa na shekarun 1850, ya ɗaure katunan da Kabbala ta Yahudawa, daga nan kuma koyarwar ta ƙetara Ingila, ta shiga wata ƙungiyar asiri mai suna Golden Dawn da aka kafa a Landan a 1888. Da yawa daga cikin waɗannan mutane sun raina duban yau da kullum. A ganinsu tarot littafi ne na sirrin halitta, kuma tambayarta ko za a sami miji ƙasƙantar da ita ne.

Duk da haka daga cikinsu ne kartar da ta fi kowace yaɗuwa ta fito. A Disambar 1909 kamfanin William Rider na Landan ya buga tarot da Arthur Edward Waite ya tsara, Pamela Colman Smith ta zana. Sabon abin da ke cikinta shi ne ƙananan katunan nan ma an yi musu hotunan mutane da al'amura. A kartar Marseille, wadda Faransawa suka saba da ita, katin takuba goma takuba goma ne kawai a jere. A zanen Smith kuwa mutum ne kwance rub da ciki, takuba goma a soke a bayansa. Takuba uku zuciya ce da aka huda, ana ruwa. Kofuna goma miji ne da mata da 'ya'yansu suna murna ƙarƙashin bakan gizo. Tsabar kuɗi biyar wasu matalauta ne biyu suna tafe cikin dusar ƙanƙara. Wanda bai taɓa karanta littafin duba ba ma yana iya kallon kowane hoto ya ce wannan alheri ne, wannan sharri. Matar da ta yi wannan aiki an biya ta lada kaɗan, ba a sa sunanta a sunan kartar ba, ta kuma rasu cikin bashi a 1951.

Shi Waite, cikin littafin bayaninsa na 1911, ya yi watsi da zancen Masar, kuma hanyar da ya bayar domin amsa takamaimiyar tambaya ta ƙunshi shimfiɗa kati goma, kowanne da matsayinsa: abin da ya wuce, abin da ke tafe, abin da mai tambaya ke tsoro, da sauransu. Labari ake haɗawa daga cikinsu, ba kalma ɗaya ake nema ba. Kartar ta zama ta gama-gari ne a Amurka cikin shekarun 1960 da 1970, ta hanyar littattafan koyi-da-kanka irin na Eden Gray, da kuma kamfanin Stuart Kaplan wanda ya fara buga ta a 1971. Da duba ya tashi daga ɗakin mai sana'a ya koma hannun kowa, sai gajerun hanyoyi suka yi rinjaye. A daidai wannan lokaci ne Michael Dummett, shehun malamin falsafa a Jami'ar Oxford, ya fitar da littafinsa The Game of Tarot a 1980, wanda ya bi takardun tarihi ɗaya bayan ɗaya ya rushe zancen Masar da na Kabbala baki ɗaya. Littafin ya gamsar da masana tarihi, amma bai rage cinikin kartar ba.

Tsofaffin hanyoyin neman "i ko a'a"

Kafin a dubi yadda ake matse tarot ta ba da amsa ɗaya, yana da kyau a waiwayi al'ummomin da suka ƙera kayan duba musamman domin wannan aiki, sabo da bambancin ya fito. Abin mamaki, Misirawan dā suna da irin wannan, sai dai babu karta a ciki. A zamanin Sabuwar Daula akan ɗauko gunki cikin ƙaramin jirgi a kafaɗun masu hidima, mai tambaya ya gabatar da buƙatarsa. Idan jirgin ya matso gaba "i" ke nan, idan ya ja da baya "a'a". A Dodona ta ƙasar Girka an tono dubban 'yan allunan dalma da mutane suka rubuta tambayoyinsu a kai, da yawa a kan aure da haihuwa da tafiya. Wajen shekara ta 352 kafin Miladiyya mutanen Atina suka rubuta shawara biyu masu karo da juna a kan wani fili mai tsarki, suka naɗe su, aka sa ɗaya a tulun zinariya ɗaya a na azurfa ba tare da kowa ya san wacce ke ina ba, aka aika Delphi a tambayo wane tulu za a buɗe.

Larabawan Jahiliyya kuma suna da kiban ƙuri'a da ake kira azlam: ɗaya mai umurni, ɗaya mai hani, ɗaya ba rubutu, idan ita ta fito a sake jefawa. Su ne Alƙur'ani ya haramta a Suratul Ma'ida, a aya ta 3 da ta 90, inda a ta biyun aka ambace su tare da giya da caca. Duk waɗannan kayayyaki a fili suke game da abin da suke yi. Zaɓi biyu ne ko uku, an san su tun kafin a fara, kuma mai tambaya ya yarda wani abin bauta ne ke zaɓa masa.

Yadda ake yi da tarot

Hanyoyin da littattafan zamani ke koyarwa sun tsaya ne a kan ginshiƙai biyun da aka ambata. Ta farko gadon Etteilla ce: a zaro kati ɗaya, tsaye "i", juye "a'a", ko a zaro uku ko biyar a bi masu rinjaye. A nan hoton katin ba shi da wani aiki ko kaɗan. Abin da ke yanke hukunci shi ne yadda aka cakuɗa. Idan mai cakuɗawa bai taɓa juya wani sashe na kartar ba, sabuwar karta za ta yi ta cewa "i" har abada; idan kuwa an cakuɗa sosai, rabi da rabi ne, ko ɗaya aka zaro ko biyar. Da kartar da ake wasa da ita a Faransa ma hanyar ba ta yiwuwa, domin hotunanta kai biyu gare su, ba su da sama ba su da ƙasa.

Ta biyu gadon hotunan Smith ce: a raba katuna 78 kashi uku, na "i" da na "a'a" da na "wataƙila". Rana da Duniya da kofuna tara sukan faɗa kashin farko, Hasumiya da Shaiɗan da takuba goma kashi na biyu, Wanda Aka Rataye kuma galibi kashi na uku, kamar kibiyar nan marar rubutu. Matsalar ita ce babu jeri guda da aka haɗu a kansa. Katin Mutuwa "a'a" ne a wani littafin, a wani kuma alamar sauyi ce mai iya zama alheri. Tun da yawan katunan kowane kashi ya danganta ga ra'ayin marubuci, to shi ne ya riga ya ƙayyade yawan "i" da mai tambaya zai riƙa samu tun kafin ya zauna. Kuma hanyoyin biyu suna iya ƙaryata juna a kan kati ɗaya: takuba goma a tsaye "i" ne bisa ta farko, "a'a" ne bisa ta biyu. Akwai wata hanya ta uku da aka aro daga duban kartar yau da kullum, inda ake jera tsibi uku, kowanne a tsaya idan kati mai lamba ɗaya ya fito ko an kai 13, sa'an nan a ƙirga nawa ne suka ƙare da shi. Ita ma ba ta buƙatar hoton Fafaroma ko na Wawa.

Akwai wata ƙa'ida da littattafan tarot da dama ke nanatawa, cewa kada a maimaita tambaya ɗaya sau biyu a zama ɗaya, wai rashin ladabi ne ga kartar, ko kuma yana rikita amsa. A wajen Azande na ƙasar da a yau ake kira Sudan ta Kudu, kamar yadda E. E. Evans-Pritchard ya bayyana a littafinsa na 1937, akasin haka ake yi. Sukan ɗura wa ɗan tsako wani dafi mai suna benge, su ce idan magana kaza gaskiya ce ya mutu, idan ƙarya ce ya rayu. Amma a kan al'amari mai nauyi ba sa karɓar amsa sai an sake da wani ɗan tsakon, a juya sharaɗin, yadda idan na farko ya mutu dole na biyu ya rayu kafin hukunci ya tabbata. Idan duka biyun suka mutu, ko duka suka rayu, sai a ce duban ya ɓaci, a ɗage tambayar zuwa wani zaman.